Kitsen Malam da Kwanon Ciyayya

Maigidana siriri ne, siranta ta gado, irin wadda idan ya sa babbar riga sai ka rantse a jikin ƙusa aka rataye ta. Haka na aure shi, haka muka zauna a Gyadi-Gyadi har yaranmu suka girma suka watse. Duk tsawon zaman nan aikina biyu ne a duniya. Da safe ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, da yamma ina fafutukar ganin Malam ya yi ƙiba. Na farkon an sallame ni da fansho. Na biyun ko sannu ba wanda ya taɓa yi mini.

Surukata, Allah ya jiƙanta, duk zuwan da za ta yi sai ta kama tsintsiyar hannunsa ta jujjuya, ta dube ni sama da ƙasa, sannan ta tambaye shi ko yana samun abinci kuwa. A gabana fa. Ni kuwa da zuciya, tana fita zan ɗaura zani in shiga kicin. Man shanu sai na je wajen Fulani na zaɓo da kaina. Ganda, hanta, ƙoda, ƙashin ɓargo, kai da ƙafa, soyayyen ƙwai da safe, funkaso da miyar da za ka ga fuskarka a saman manta, babu abin da ban ɗura wa bawan Allahn nan ba. Kuma yana ci, wallahi yana ci, ya fi kowa loma a gidan. Ya tashi ya karkaɗe riga, wuyansa na nan kamar na zabo.

A layinmu ana ciyayya. Bayan sallar magariba magidanta biyar ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji mai shagon kayan gini, wanda gidansa ke kallon namu, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗa a ci tare. Akwai Alhajin, akwai Malam, akwai tsohon ladanin masallacinmu, da wani tela, da wani direban bas da ya taso daga ƙauye ya kama haya a ƙarshen layi. Abin yana da ladabinsa. Mutum ba ya duƙufa a kan kwanon gidansa kamar mai gadin kayansa, turawa yake yi gaban abokan zama, shi kuma ya sa hannu a na wasu.

Mu mata ba ma zuwa wurin, amma a can ake yi mana jarrabawa kullum. Kwanon da ya dawo a suɗe, uwargidan ta ci. Wanda ya dawo da saura, ko ba a ce komai ba ta san matsayinta. Ni da Hajiya matar Alhaji muka daɗe muna wannan kokawar. Muna gaisawa, muna zuwa bikin juna, ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma in Malam ya shigo ya ce yau miyar gidan Alhaji ta yi daɗi, to washegari sai na ƙara ludayin man shanu. Ita ma na san haka take yi, don ƙamshin kicin ɗinta yana tsallako titi ya same ni.

Ana cikin haka yayan Malam ya faɗi a bakin shagonsa a kasuwar Tarauni, yana tsaka da magana da mai sayen kaya. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shi ma siriri ne, har ya fi Malam. Likitoci suka ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. A wajen zaman makoki wata nas da ke haya a bayan gidanmu, wadda muke kira Sista, ta ja ni gefe ta ce lallai Malam ya je a auna kitsen jininsa, domin irin wannan abu yana bin dangi. Na dube ta na dubi Malam can a kan tabarma, gwiwoyinsa sun tokaro riga, na ce mata ko a asibitinsu ba a koya musu kallo ba ne. Ta yi dariya ta ce in dai kai shi.

Ta gargaɗe mu cewa kada ya ci komai daga dare har a ɗebi jinin. Na ji, na kuma kiyaye. Da safe ban ba shi burodi ba, ban soya ƙwai ba. Kunun gyaɗa kawai na dama masa da madara da sukari, kofi biyu, don ba zan bar mijina ya fita titi da ciki wayam iska ta ɗauke shi ba. Da muka isa, mai ɗibar jinin ya tambaya ko ya ci wani abu, Malam ya ce a'a, kunu kawai ya sha. Mutumin ya ajiye allurarsa ya ce mu koma gida mu dawo gobe. Na tsaya na yi masa bayani cewa kunu sha ake yi, ba ci ba, ya ce Mama jini bai san wannan bambancin ba. Har yau ina ganin da sun so da sun faɗa dalla-dalla tun farko.

Da sakamako ya fito muka shiga wajen likita, wani matashi da bai fi sa'an ɗanmu na biyu ba. Ya ce kitsen da ke yawo a jini ba iri ɗaya ba ne. Akwai mugu, wanda yake liƙewa a bangon jijiya yana rage mata hanya a hankali, kamar yadda maiƙo ke toshe bututun wajen wanke-wanke. Akwai mai kirki, wanda yake taimakawa wajen kwashe mugun. Akwai na uku, wanda yake hawa da abin da mutum ya ci, shi ya sa aka kore mu ranar kunu. Na Malam, mugun ya yi sama, mai kirkin ya yi ƙasa, na ukun ma ya bi mugun. Ya ce ba ya duba wannan shi kaɗai, yana haɗawa da shekarun mutum da hawan jininsa da sukarinsa da ko yana shan taba da abin da ya faru a danginsu. Da ya haɗa na Malam duka, har da rasuwar yayansa, sai ya ce hatsarin ciwon zuciya a gare shi babba ne, kuma ba abin wasa ba ne.

Ni duk wannan bayanin abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Na tambayi likitan inda kitsen yake, ya nuna mini. Ya ce a cikin jini yake, ba a gani da ido, kuma siriri ma yana iya fin mai tumbi. Wato duk man shanun da na yi shekaru ina zubawa, ashe yana shiga, wurin zama kawai ya zaɓa inda ba mai gani balle a yaba mini. Da surukata na raye da a ranar na ɗauke ta a adaidaita na kawo ta ta ji da kunnenta. Likita ya rubuta ƙwayar da za a riƙa sha kullum, ya ce a rage man shanu da manja da kitsen nama da kayan ciki da soye-soye, a yawaita wake da ganye da kifi, a riƙa tafiya a ƙasa, mu dawo bayan 'yan watanni a sake aunawa.

A hanyar gida Malam ya kafa mini doka. Ya ce maganar nan ta tsaya tsakaninmu, kada kowa a layi ya ji. Namiji ba ya tallan ciwonsa, in ji shi, balle ciwon da za a yi masa dariya. Ya ce in Alhaji ya ji cewa shi, da wannan jikin, kitse ne ya yi masa yawa, to ya samu abin tsokana har ƙarshen rayuwarsa. Na ce to, don a lokacin ina ganin ai ni ce mai tukunya, abin da na dafa shi zai ci.

Na koma girki kamar sabuwar amarya. Miyar kuka da mai ɗan cokali, dafaffen wake, kifi a gashe, zogale, tuwon dawa. Malam ya ɗauki kwano ya fita, kwano ya dawo kusan yadda ya tafi, an ɗan taɓa gefe don kara. Ni da kwanona bai taɓa kwana da saura ba. Na zauna na dube shi na ji kamar in yi kuka. Washegari da na haɗu da Hajiya a wajen mai kayan miya sai ta gaishe ni da wata irin fara'a, har tana tambayata ko lafiya, ko man gyaɗa ne ya yi tsada a wajenmu ta aiko mini. Na ce mata mun gode, muna da shi har da na kyauta. Na dawo gida ina huci.

Bayan ɗan lokaci sai kwano ya fara dawowa a suɗe tas. Na ce alhamdulillahi, Malam ya saba, ya rungumi lafiyarsa. Har na fara yi masa kirari. Sai wata rana da ya shigo ya miƙo mini kwanon, wani ƙamshi ya bugi hancina, ƙamshin da na sani kamar yunwar cikina. Na kama hannunsa na dama na sunsuna. Man shanu ne, soyayye da albasa, irin na kicin ɗin Hajiya. Na sunsuna gemunsa, nan ma haka. Ya fizge hannunsa yana cewa wannan wane irin wulaƙanci ne, a riƙa shinshina mutum kamar nama a kasuwa. Na matsa masa sai da ya faɗi gaskiya. Abincina tsohon ladan ne ke cinyewa, don haƙoransa sun zube kuma maiƙo yana tayar masa da zuciya, ya samu abin da ya dace da shi. Shi kuwa Malam yana can cikin kwanon gidan Alhaji har wuyan hannu.

Sai a sannan na lura cewa kwanakin nan kiran sallar ladan ya ƙara tsawo da ƙarfi. Tsohon da da sai ya huta a tsakiya, yanzu yana ja har karnukan unguwar Darmanawa su amsa. Wato ni nake tsaye a gaban murhu ina auna mai da cokali, ladan ne ke samun lafiya.

Na ce wa Malam ya bar ciyayyar nan ya riƙa ci a gida. Ya dube ni kamar na ce ya bar salla. Ya ce mutumin da ya janye kwanonsa daga tabarma, ɗayan uku za a ce: ya yi kuɗi ya fara rowa, ko ya yi faɗa da wani, ko ya zama mijin-ta-ce. Na ce to ya ci na gidansa a can. Ya ce wane mara kunya ne zai tura wa ladan hannu ya janye kwano daga gabansa, kuma in Alhaji ya turo masa nasa ya ce bismilla, da wane baki zai ce a'a. Na ce da bakin da yake cin gandar. Ranar ba mu ƙara magana ba.

Daga nan na shiga dabaru. Na fara da cika masa ciki tun la'asar. In zuba masa wake da zogale tuli guda in tsaya a kansa sai ya cinye, da tunanin in ya fita ba zai samu wurin sa loma ba. Ya cinye, ya yi gyatsa, ya yi hamdala, ya je masallaci, ya zauna a tabarma ya ci nasa kason cif. Ashe cikin Malam ɗaki da falo ne, ni falon kawai nake cikawa.

Sai na koma gadi. Ƙofar soronmu tana da wata 'yar tsaga da ake hango tabarmar sarai. In an zauna sai in lallaɓa in tsaya a bayanta da mayafina, duk sanda hannun Malam ya nufi kwanon Hajiya in yi tari. Ranar farko abin ya yi aiki, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Daga baya ya gane cewa tari ba ya tsallaka titi ya riƙe hannu, ya ci gaba da harkarsa, ni kuma na ƙara ƙarfi har maƙogwarona ya fara ciwo da gaske. Abin da na samu shi ne Alhaji ya ba Malam kwalbar zuma da citta ya kawo mini, ladan ya sa ni a addu'a bayan sallar asuba, tela ya aiko da sunan wani maganin tari da ya ce ya yi wa matarsa amfani. Hajiya kuwa da kanta ta zo dubiya da kwanon farfesun kayan ciki, mai yana iyo a kai. Na karɓa na yi godiya na ajiye, na raka ta ƙofa. Kafin in dawo Malam ya buɗe ya yi rabi.

Da muka koma asibiti aka sake aunawa, likita ya ce ƙwayar ta ɗan saukar da mugun kitsen amma bai kai inda yake so ba, na ukun kuma yana nan inda aka bar shi. Ya tambaya waye ke girki a gidan. Malam, ko kunya babu, ya nuna ni da leɓe. Likita ya juyo ya fara yi mini nasiha a hankali, yana cewa Mama a daure a rage mai. Ni! Na ajiye jakata na kwashe labarin ciyayya tun daga tabarma har zuwa ladan na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe tebur, sannan ya gyara fuska ya ce wa Malam ya gaya wa abokan zamansa, ba abin kunya ba ne. Malam ya ce to, irin to ɗin da na san ba ta da 'ya'ya.

Abin da ya kawo ƙarshen dariyata ya faru ne wata ranar da muke dawowa daga gaisuwa a unguwar Babban Giji. Ba mu samu adaidaita da wuri ba muka ce bari mu taka, tunda likita ma ya ce a riƙa tafiya. Muna cikin tafiya sai na ga babu Malam a gefena. Na waiga na hango shi tsaye a gaban wata katanga yana kallon allon da aka rubuta fili na sayarwa. Na koma na tambaye shi ko fili zai saya mana, ya ce karantawa kawai yake yi. Tabaransa yana gida, na gan shi a kan rediyo kafin mu fito, kuma ba tare da shi ba Malam ko sunansa ba ya iya karantawa. Hannunsa na cikin riga a kan ƙirji, goshinsa ya jiƙe. Ya ce ba komai, wani nauyi ne ya danne shi, yanzu zai wuce. Ya wuce ɗin bayan ya huta.

Ban bari mun je gida ba, na tare adaidaita muka wuce asibiti. Aka liƙa masa wayoyi a ƙirji, aka sake ɗibar jini, aka riƙe mu har yamma. Likitan da ya gan mu ya ce zuciyar ce ke ƙorafin jini ba ya isar ta in an motsa, ya ƙara magunguna, ya ce an ci sa'a gargaɗi ne, amma ba kullum take gargaɗi ba. Muka dawo gida. Ana idar da magariba Malam ya ɗauki kwano ya fita tabarma kamar ba abin da ya faru. Na tsaya a bayan ƙofar soro ina kallonsa yana dariya da Alhaji, hannunsa cikin miyar Hajiya, ko tarin ma na kasa yi. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Da hantsi washegari, bayan mazan sun fita, na sa mayafi na tsallaka titi. Na tarar da Hajiya a kicin tana soya nama, kasko yana ta ƙara. Bayan mun gaisa na ce mata roƙo na zo yi, na faɗa mata komai, kitsen da gwajin da allon fili. Ta saurara tana juya namanta. Da na gama sai ta ce:

"Wato Malama, duk cikin kwanukan nan biyar, nawa yake ci?"

"Naki yake ci."

"Ya bar naki?"

Na ce mata ai nawa babu mai ne shi ya sa, da da mai ne da ba haka ba. Ta ce ita ba ta tambaye ni dalili ba. Ta tsaya da matsami a hannu tana jira, fuskar nan tata har sheƙi take yi. Shekara da shekaru take jiran wannan ranar. Na ce ya bar nawa, miyarta ta fi tawa, ta daɗe da fin tawa. Ta ce ba ta ji sosai ba saboda ƙarar kasko. Na buɗe baki zan maimaita da ƙarfi, in ƙara mata da abin da ya sawwaƙa, sai muryata ta karye.

"Hajiya, na ga matar yayansa cikin takaba. Ni ba zan iya ba."

Ta sauke kaskon daga wuta. Ta miƙo mini gefen zaninta na share fuska, ta ce in tashi in daina ɓata mata kicin da hawaye. Ta tambaye ni me da me likitan ya hana, na lissafa mata, tana ta salati tana cewa to me ya rage a duniya. Sannan ta ɗauki mayafinta ta ce in koma gida, matar tela da matar direba da surukar ladan da ke yi masa girki duk a bar mata su.

Da magariba na kama wurina a bayan ƙofa. Aka jera kwanuka biyar. Alhaji ne ke buɗewa kullum, ya fara da na gidansa: dafaffen wake da alayyafo, ko ƙyallin mai babu. Ya rufe ya sake buɗewa ko zai canza. Ya buɗe na tela, tuwo da miyar kuɓewa fara fat. Na direba, kifi a gashe da kabeji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, sannan ya ɗaga kai ya tambayi jama'a ko mai ya ƙare a Kano ne ba a sanar ba. Direba ya ce shi dai da safe ya ga jarka cike a gidansa. Tela ya ce wannan haɗin baki ne, mata sun yi taro. Ladan kuwa tuni ya yi bismilla, yana ci daga wannan yana komawa wancan, yana sa wa matan layi albarka. Malam ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya tashi a fusace ya shiga gida, ina jin muryarsa tun daga soro yana kiran Hajiya. Muryar ta yi sama, sai ta yi ƙasa, sai na daina ji. Da ya fito ya zauna a wurinsa, ya daɗe yana kallon Malam. Na ce a raina yau tsokanar da Malam ke gudu ta zo. Sai kawai Alhaji ya jawo kwanon waken ya tura gaban Malam ya ce, "Bismilla, Malam." Shi ma ya sa hannu ya kai loma, ya yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci, ya haɗiye, ya ƙara wata. Tela da direba suka dubi juna suka bi sahu. Aka cinye tas, ladan yana tambaya ko akwai ƙari.

Na riga Malam komawa tsakar gida na zauna kamar tun ɗazu ina nan. Ya shigo ya dire kwanon da ƙarfi har murfin ya yi tsalle. Ya tsaya a kaina, siririn nan, ransa a ɓace.

"Malama, kin faɗa musu."

"Na faɗa."

"Ban hana ki ba? Kin tona mini asiri a layi, kin sa magidanta suna cin ciyawa saboda ni. Da wane ido zan dube su gobe?"

Na ce, "Yi fushinka, Malam. Ni dai ka kasance kana nan kana yi."

 Ya ja kujera ya zauna ya juya mini baya, ya kunna rediyo da ƙarfi. Sai da aka yi kwanaki yana amsa mini magana da ƙyar, yana karɓar ƙwayarsa daga hannuna ba tare da ya dube ni ba.

Tabarmar tana nan har yanzu. Alhaji yana shiga gida bayan an tashi ya ci soyayyen namansa a ɓoye, Hajiya ce ta gaya mini, amma abin da ke fita waje ba a sake zuba masa man shanu ba. Da aka sake auna jinin Malam likita ya ce yanzu ne aka fara magana, a ci gaba a haka. Yanzu da nake rubutun nan yana tsakar gida yana gyara igiyar shanya, ya tsufa, ya ƙara sirancewa. Duk sanda maganar ta taso sai ransa ya ɓaci sabo fil, ya ce na ci masa mutunci a gaban maza, ya yi ta faɗa har ya gaji. Ba na katse shi, zama nake yi in saurara har ya gama.